Fodkas na iyali kan rayuwar 'yan shekara 9 zuwa 12: nazarin abin da ya faru a wani gida a Mabera

Gidan yana unguwar Mabera cikin garin Sakkwato. Maigidan ma'aikacin gwamnati ne, uwargidan tana ɗinki a gida. 'Ya'yansu uku: 'yar fari mai shekara 11 da ke aji shida na firamare, ƙanenta mai shekara 8, sai auta mai shekara 5. An sakaya sunayensu da sunan shirin, domin matsalar ba ta shiri ɗaya ba ce.

Shirin fodkas ne, wato shirin sauti da ake ɗorawa a intanet a saurara ta waya, na Turanci da wani iyali a Amurka ke yi. Uwa da uba da ɗiyarsu kan zauna gaban makirufo su yi hira kan makaranta, ƙawaye, wayar hannu, rigimar 'yan'uwa da canjin jiki. Kowane kashi kan kai minti 30 zuwa 45. Wata 'yar'uwa da ke Abuja ce ta turo shi ta WhatsApp zuwa wayar uwargidan. Maigidan ya yi na'am da shi, saboda yarinyar tana shirin jarrabawar shiga sakandare, kuma malaminta ya ce tana karanta Turanci da kyau, amma da an yi mata magana da sauri sai ta ɓace. Ya duba ya ga shirin yana rukunin yara da iyali, babu alamar gargaɗi a kansa, ya ce a bar ta ta riƙa saurare.

An yi makonni lafiya. Sai wani dare cikin zafin Afrilu, babu wuta, kowa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yarinyar ta kunna shirin a lasifikar waya. Kashin da ta zaɓa ya ƙare, manhajar ta wuce da kanta zuwa wani, wanda ake magana a cikinsa kan yaron da ke matsa wa yarinya ta tura masa hoton jikinta. Ƙanen ya kama wata kalma da ake ta maimaitawa, ya ce, "Inna, mi suka nuhi da wagga magana?" Maigidan yana jin Turanci, kuma yana zaune a wurin. Ya ce, "A goge abin ga, kar in sake jin shi cikin gidan ga."

Ƙanwarsa, gwaggon yaran, malamar Turanci ce a ƙaramar sakandare. Da labarin ya kai gare ta, ta zo ta ce, "Yaya, ka yi mini haƙuri. A ba ni wayar in saurara tukuna, sannan ka yanke hukunci. In ka hana ba ka san mi ka hana ba, gidan ƙawa za ta je ta ji shi." Ya yarda. Abin da ke biye shi ne yadda aka bi lamarin da abin da aka gano.

Abin da alamar ba ta faɗa ba

Kuskuren farko na maigidan kuskure ne da kusan kowa zai yi. Wanda ya tashi da rediyo ya saba da cewa abin da ya fito daga Rima Radio ko wata tasha ya bi ta hannun furodusa, kuma tashar tana ƙarƙashin dokokin Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, wadda aka kafa a 1992. Fodkas ba haka yake ba. Mai shirin ne ke ɗauka, shi ke ɗorawa, shi ke zaɓar rukunin da shirinsa zai shiga, kuma shi ke cewa ko akwai batsa ko zagi a ciki. Ƙaramin harafin E da ake gani gefen wasu shirye-shirye a Apple Podcasts da Spotify daga bakin mai shirin ya fito. Rashinsa yana nufin mai shirin bai ɗauki kalamansa a matsayin ƙazanta ba. Ba ya nufin batun da ake tattaunawa ya dace da ɗan shekara 8. Ana iya yin minti 40 ana magana kan fyaɗe ko kashe kai ba tare da an furta kalmar zagi ko ɗaya ba.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. A tsarin Apple, wanda manhajoji da yawa ke bi, rukunin yara da iyali yana da rassa huɗu: ilimi don yara, labarai don yara, dabbobin gida, da tarbiyyar 'ya'ya. Reshe na ƙarshe na iyaye ne. Shirin da ake yi wa yara da shirin da ake yi a kan yara duk inuwa ɗaya suke sha. Da aka duba, wannan shiri a reshen tarbiyya yake. Jin muryar yarinya a ciki shi ya sa aka ɗauka na yara ne.

Yadda aka tantance

Ba a saurari shirin duka ba, babu mai wannan lokacin. An zaɓi kashi shida, kuma zaɓen ba na kan-mai-uwa-da-wabi ba ne: kashi na farko da aka taɓa ɗorawa, na baya-bayan nan, biyu da takensu ya fi tayar da hankali, ɗaya da ake amsa wasiƙun masu sauraro, ɗaya kuma da aka gayyato baƙo. Na wasiƙu da na baƙo su ne suka fi yaudara, domin takensu ba ya nuna abin da ke ciki. Wasiƙa ta farko tana iya zama kan aikin gida, ta uku kan yarinyar da ke yanka hannunta da reza.

Babban mutum mai jin Turanci zai iya ƙara saurin sauti zuwa 1.5, kashin minti 45 ya koma minti 30. Ana saurare da takarda a hannu, ana rubuta minti da daƙiƙar duk inda aka tsaya. Idan manhajar tana ba da rubutaccen abin da aka faɗa, aikin ya fi sauƙi, sai a nemi kalmomi kai tsaye. Apple ya fara fitar da irin wannan rubutu a Maris 2024 ga shirye-shiryen Turanci da wasu harsunan Turai, amma yawancin wayoyin da ke gidajenmu Tecno ne da Infinix da itel, don haka sau da yawa kunne ne zai yi aikin.

A kan kowane kashi an amsa tambaya huɗu. Da wa ake magana, da yaro ko da iyayensa? Wane abu ne a ciki da yarinyar ba ta taɓa ji ba? Idan an kawo matsala, an bar ta a buɗe ko an nuna wa yaro babban da zai je wurinsa? Sannan wane ne mafi ƙanƙanta da zai ji?

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda masu shirin ba su yi tunaninta ba, kuma ba laifinsu ba ne. Sun ɗauka mai sauraro yana ɗakinsa shi kaɗai da abin ji a kunne, ko yana cikin mota da uwarsa. A gidan Mabera waya ɗaya ce, ta uwa, kuma a lasifika ake ji. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, rayuwar gida tsakar gida take komawa, yaran maƙwabta na shiga suna fita. Shekarun da za a auna shirin da su ba na wadda ta kunna ba ne, na mafi ƙanƙantar kunnen da ke kan tabarmar ne.

Shirin ya girma, mai sauraro ba ta girma ba

Babban abin da aka gano shi ne wannan. Lokacin da aka fara shirin, ɗiyar masu shi tana da shekara 10. Kasoshin farko kan ƙawar da ta daina yi maka magana ne, tsoron jarrabawa, ƙane mai taɓa kaya, yadda ake ba da haƙuri. A nan da yaro ake magana, kuma da kyau ake yi. Uwar kan tambayi ɗiyar, ta bar ta ta gama, ta kuma tambaya. Yarinyar Mabera ta ce abin da ya sa take son shirin ke nan, ana sauraron yarinya har ta kai ƙarshen maganarta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata a zubar da shi tare da sauran ba.

Amma shekaru sun shuɗe. Ɗiyar masu shirin yanzu tana da 14, batutuwan sun bi ta: saurayi, hotunan tsiraici, ƙin cin abinci don a rame, sigarin lantarki. A yawancin sababbin kasoshin ma ba ta zama, iyayen ne ke magana da iyaye, suna cewa "ɗiyarki" da "ɗanka". Taken shirin da hotonsa da bayaninsa ba su canza ba, har yanzu suna cewa kan rayuwar masu shekara 9 zuwa 12 ne. Manhajoji kuwa sabon kashi suke sa wa a sama. Yaron da ya buɗe shirin yau, abin da aka yi wa iyayen 'yar shekara 14 zai fara cin karo da shi, sai ya gangara ƙasa sosai kafin ya kai ga wanda ya dace da shi.

Kashin da aka yi wa iyaye yana da illa ta musamman ga yaro, ko da batun bai yi nauyi ba. A cikinsa ana lissafa alamomin da uwa za ta lura da su, ana faɗin yadda ake duba wayar yaro ba tare da ya sani ba, ana bayyana dabarun da mugaye ke bi su yaudari yara dalla-dalla. Uwa tana buƙatar wannan bayani. Yarinya mai shekara 11 ba abin da za ta ɗauka daga ciki sai tsoro, ko zargin ana leƙen asirinta, ko sanin wata hanya da ba ta san tana nan ba. Kashin da ya jawo rigimar irin wannan ne. Abin mamaki, kashi ne mai amfani ƙwarai, kuma shawarar da aka bayar ita ce uwa da uba su saurare shi su biyu bayan yara sun yi barci.

A kashin wasiƙu, bayan maganar cutar da kai, an ba da lambar neman taimako, 988. Lambar Amurka ce, ba ta aiki a Najeriya. Yaron da maganar ta taɓa shi an buɗe masa rauni an nuna masa ƙofar da babu ita a garinsu. Duk kashin da ya kai ga ba da irin wannan lamba, alama ce cewa ba na saurare shi kaɗai ba ne.

Kashin haila

A nan ne aka fi daɗewa, domin a nan ne hani da bari duk suke da hujja. Bayanin da ke cikin kashin daidai yake da abin da likitoci ke faɗa. Balaga kan fara wa 'ya mace tsakanin shekara 8 da 13, ɗa namiji tsakanin 9 da 14. Jinin farko kan zo kamar shekara biyu zuwa uku bayan ƙirji ya fara tasowa. A shekarun farko yana iya zuwa ya ɗauke wata da watanni, ba ciwo ba ne. An yi maganar cikin natsuwa, babu wasa da ita. Yarinya mai shekara 11 tana tsakiyar wannan zango, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ta ga jini ba a taɓa gaya mata komai ba, abin da ke zuwa ranta shi ne ta ji rauni ko ta yi laifi, wasu su ɓoye kwana da kwanaki.

Ba kuma za a ce batun baƙo ne gare ta ba. A Islamiyya an riga an karanta musu babin haila a Ahalari. Sai dai karatun hukunci daban, sanin abin da za ta yi idan abin ya same ta a aji daban.

To me ya rage? Abu biyu. Na farko, kashin bai san rabin abin da yarinyar Sakkwato ke buƙata ba: barin salla da azumi, rama azumi ban da salla, yadda ake gane an samu tsarki, wankan tsarki. Bai san makarantar da ban-ɗakinta babu ruwa ba, ko gidan da ba kowane wata ake iya sayen audugar mata ba, sai a koma ga ƙyalle mai tsabta da za a wanke da sabulu a shanya a rana ya bushe sarai. Na biyu, wanda ya fara gaya wa yarinya wannan magana shi take koma wa da tambaya ta gaba. Idan waya ce ta fara, waya za ta koma wa.

Matsalar gidan ita ce yarinyar 'yar fari ce. Uwar ko sunanta ba ta kira, balle ta zaunar da ita kan maganar jini. Masu ba da shawara daga nesa sukan ce "uwa ta zauna da ɗiyarta", kamar kunyar ɗan fari abu ce da ake cirewa a rataye. Al'adar da ta kawo kunyar ita ta tanadi mafita: gwaggo, ko ƙanwar uwa, ko kaka. Don haka aka tsara gwaggon ce za ta fara magana da ita, da Hausa, su biyu, ta haɗa bayanin jiki da hukuncin addini da yadda ake amfani da audugar a canza ta bayan 'yan sa'o'i. Bayan haka ne suka saurari kashin tare, a matsayin ƙari. Gwaggon ta tsayar da shi a wurare uku da ta riga ta rubuta mintinsu. Uwar kuma ta yi nata ɓangaren ba da baki ba: ta ajiye fakiti ɗaya a jakar makarantar yarinyar, ta aika gwaggon ta gaya mata inda sauran suke.

Koyo ta kunne tare da babba mai fassarawa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Haka tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya gudana a ƙarni na 19: jaji, wato malamar da ke jagorantar rukunin mata, ke kai karatun ga mata, tana nan zaune lokacin da ake ji.

Baƙon abu da abin da ya saɓa

Maigidan ya so a haɗa duk abin da ba namu ba a kwando ɗaya. Ba a bi shi a kan haka ba. Dusar ƙanƙara, motar makaranta mai ruwan ɗorawa, kare a cikin ɗaki, waɗannan baƙin abubuwa ne kawai, yaro zai ji ya ƙaru da sanin duniya. Akwai kuma waɗanda suka saɓa wa tarbiyyar gidan: kwana a gidan ƙawa, rawar makaranta ta maza da mata, tambayar yarinya "wa kike so a ajinku" cikin raha, da yadda ɗiyar kan katse ubanta ta ce bai san abin da yake faɗa ba, kowa ya yi dariya. Waɗannan ba a gabatar da su a matsayin darasi, a gefen hira suke wucewa, shi ya sa suka fi shiga. Abin da aka yi wa'azi a kansa yaro kan yi gardama da shi. Abin da aka ambata kamar kowa haka yake, shi yake haɗiyewa.

Ɗaya daga cikinsu har ya riga ya nuna kansa. Yarinyar ta fara cewa duk sa'o'inta suna da waya tasu. Sa'o'in nata na cikin shirin ne, a ajinsu ba haka ba ne. Maganin irin wannan tambaya ce bayan saurare: a gidanmu yaya ake yi, kuma me ya sa? Kashin da abu ɗaya ko biyu irin wannan suka gilma a cikinsa an bar shi tare da tattaunawa. Wanda aka gina shi kacokan a kansu an cire shi.

Turancin fa?

Dalilin kawo shirin ke nan, don haka aka gwada. An kunna minti 5 na wani kashi mai sauƙi, aka ce ta faɗi da Hausa abu uku da aka ce. Ta kawo ɗaya daidai, ɗaya rabi. Hirar mutum uku 'yan gida ɗaya ita ce mafi wuyar Turanci ga mai koyo: suna haɗiye kalmomi, suna shiga maganar juna, suna dariya kan abin da su kaɗai suka sani. Da aka rage saurin zuwa 0.8 aka maimaita sau biyu, ta kawo ukun.

Wannan yana da fuska biyu. Jin Turanci yana gilmawa ba tare da fahimta ba ba ya gyara kunne yadda maigidan ya zata. Minti 10 da aka ji sau biyu aka kuma ba da labarinsa sun fi minti 45 da suka wuce kamar iska. Sannan rabin fahimta ba kariya ba ce. Yaro kan kama kalmar da aka fi nanatawa ya rasa gargaɗin da ke kewaye da ita, ya tafi da kalmar makaranta ya tambayi aboki. Abin da ƙanen ya yi ke nan, sa'a ce kawai ta sa Inna ya tambaya.

Talla da abin da ke kewaye da shirin

Gwaggon ta lura kashi ɗaya da ta ji sau biyu ya zo da talla daban-daban. Dalili shi ne yawancin manyan shirye-shirye ba sa ɗinke talla a jikin sautin. Na'urar da ke ajiye shirin ce ke cusa ta lokacin da aka kunna ko aka sauke, gwargwadon ƙasar mai sauraro da ranar. Ke nan babba na iya tantance kashi ranar Litinin, yaro ya kunna shi ranar Alhamis ya ji tallar caca ko ta manhajar bashi. Tantancewar tana aiki ne kawai idan fayil ɗin da babba ya ji shi ne ainihin wanda yaro zai ji.

Sai wucewa da kai zuwa kashi na gaba, wadda ita ta haddasa komai, da jerin shirye-shiryen da manhajar ke ba da shawara a ƙasa. Idan ta YouTube ake ji, ga bidiyoyin gefe da maganganun jama'a. YouTube da TikTok da WhatsApp duk shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, kuma masu shirin a ƙarshen kowane kashi suna kiran masu sauraro su bi su a waɗannan wurare, su kuma turo tambaya da muryarsu. Yarinyar ta riga ta naɗi saƙo ɗaya ba ta tura ba, ta faɗi sunanta da makarantarsu a ciki. An goge shi, an bayyana mata cewa abin da aka watsa a fodkas ba a iya janye shi daga wayoyin da suka sauke. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da iznin iyaye ake karɓar bayanan yaro, amma shirin da ke wata ƙasa ba zai san shekarun mai turo murya ba.

Tsarin da aka yi

Hukuncin shi ne shirin bai dace a miƙa wa yarinyar shi gaba ɗaya ba, amma wani ɓangare nasa ya dace da ita ƙwarai. An raba kasoshin gida uku: waɗanda kowa zai ji a lasifika, waɗanda za ta ji tare da gwaggo ba tare da ƙannen ba, da waɗanda na iyaye ne zalla. Kusan duk na rukunin farko daga shekarun farko na shirin suke, don haka aka juya jerin ya fara daga mafi tsufa.

An yi tunanin Family Link na Google, manhajar da iyaye ke sa ido kan wayar yaro da ita. Yana hana sauke manhaja, yana ƙayyade lokaci, amma ba ya jin abin da ake faɗa cikin kashi, kuma sai yaro yana da na'urarsa da asusunsa. Ga gida mai waya ɗaya bai warware komai ba. Abin da ya yi aiki shi ne ƙaramar rediyo mai ɗaukar memori, irin wadda ake sa karatun Alƙur'ani da wa'azi, wadda dama akwai ta a gidan. Gwaggon na sauke kashi da manhajar da ke ba da fayil ɗin sauti kai tsaye, irin su AntennaPod, domin abin da aka sauke a Spotify a kulle yake cikin manhajar. Tana saurarensa har ƙarshe da tallarsa, sannan ta kwafe shi zuwa memorin. Rediyon ba ta da intanet, ba ta ba da shawarar wani shiri, ba abin da za ta wuce zuwa gare shi sai abin da aka zuba mata. Don gidan kaɗai ake kwafa, ba don rabawa a zaurukan WhatsApp ba.

Lissafin data ba shi da nauyi. Sauti mai ingancin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 1 a minti, wato kashin minti 30 kusan megabait 29. Gigabait 1 zai sauke fiye da kashi 30. Kallon shirin a bidiyo kan ninka wannan sau da yawa ba tare da ƙarin amfani ba.

Lokaci kuwa ranakun Alhamis da Juma'a da la'asar aka zaɓa, da yake babu Islamiyya, kashi ɗaya a mako, a raba shi biyu. Ba a kwanciya da shi. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin sa'a 9 zuwa 12, kuma wadda za ta tashi asuba ta yi shirin makaranta ba ta da rarar da za ta ba hira.

Ga kasoshin da za a ji da abin kunne, akwai maganar ƙara. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga yara shi ne desibel 75 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na sa'a 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 78 sa'a 20, 81 sa'a 10, 84 sa'a 5. Ba wanda ke da ma'auni a gida, don haka ƙa'idar aiki ita ce kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma idan an kira ta daga nesa kaɗan ba ta ji ba, ya yi yawa. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da janaretan maƙwabta ke ruri, yaro ya yi ta ƙarawa don ya ji. A irin wannan lokaci a kashe, a jira. Ita da gwaggon kan raba abin kunnen, kowa ɗaya.

Abin da bai warware ba

Maigidan ya amince da tsarin, amma ya ƙi kashi ɗaya da gwaggon ta sa a rukuni na biyu, wanda ake koya wa yaro cewa yana da ikon ƙin taɓawar da ba ya so, ko daga babba ne, ko ɗan'uwa. Yana ganin zai sa yarinyar ta riƙa kallon kawunnanta da zargi. Gwaggon tana ganin shi ne kashin da ya fi kowanne muhimmanci, domin mafi yawan masu cutar da yara ba baƙi ba ne, mutanen da yaron ya sani ne. A wannan gaɓa hujjarta ta fi ƙarfi. An tsaya a kan za ta isar da saƙon da bakinta, ga yarinyar da ƙanen duka, ba tare da kunna kashin ba.

Akwai kuma nauyin aikin. Tsarin ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya mai jin Turanci da ke ba da kusan sa'a guda a mako, kuma lokacin gyaran takardun jarrabawa ba ta samu. An yarda cewa makon da ba a tantance sabon kashi ba, tsofaffin za a maimaita, ba za a koma ga wayar ba. Za a sake duba rabon rukunan idan yarinyar ta cika 12, ko kafin ta tafi idan makarantar kwana ta samu, domin wasu kasoshin rukuni na biyu, musamman na cin zali a ɗakin kwana da na matsin ƙawaye, dole ta ji su kafin ranar tafiya.